Malam Labbo da Firjin Nahuce

Ranar da na fara ganin Malam Labbo, da an ba ni wuƙa da nama a kansa, da bai ƙara kwana a wannan ofis ba. Na baro Nahuce tun da safe, na sha tsayuwa a bakin titi saboda wahalar man fetur, na iso Gusau rana ta take, sai na tarar da mutum a wani ɗan ɗaki da a da kicin ne, yana fiƙe fensir da reza kamar ba shi da sauran aiki a duniya. Jihar Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba a lokacin, ofisoshi da yawa a gidajen haya suke, shi kuma kicin ne rabonsa.

Sunana Mas'uda. Ungozoma ce ni ta asibiti, ni nake riƙe da ɗakin haihuwa na Nahuce a waɗancan shekarun. Firji guda muke da shi, mai aiki da kananzir, irin mai lagwani a ƙasa. A ciki muke ajiye alluran rigakafin yara da allurar tsayar da jini, wadda ake yi wa mace in ta haihu. Ita wannan allura ba ta shiri da zafi. In ta daɗe a zafinmu, kwalbar tana nan yadda take, ruwan yana nan garau, amma ƙarfin ya tafi, kuma ba ki da hanyar ganewa sai kin yi wa mace kin ga jini bai tsaya ba. A shekarar 1997 kananzir ya yi ɓatan dabo, firjinmu ya koma kwanakin mutuwarsa sun fi na rayuwarsa yawa. Ga kuma 'yata Nana Khadija, ita kaɗai Allah ya bar mini, tana ɗauke da ƙaramin ciki, na fari, kuma gida za ta dawo goyon ciki. Tsoron da nake kwana da shi ke nan: ranar da za ta haihu in buɗe firji in tarar da allura matacciya.

Ana haka sai wata ƙungiyar agaji ta ba da tallafi a saya wa ƙananan asibitocin karkarar Gusau da Tsafe da Bungudu firji. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya rabu biyu. Wasu suka ce a ƙara sayen na kananzir, yana da araha, kowane asibiti zai samu. Wasu suka ce a sayi mai aiki da hasken rana, ko da yake tsadarsa za ta sa kaɗan za a iya saye. Da gardama ta ƙi ƙarewa, sai aka ɗora wa Malam Labbo, jami'in tsare-tsaren lafiya, ya tattaro abin da masu bincike suka rubuta a kan wanne ne ya fi biyan kuɗinsa, ya zo ya faɗa. Abin da ya kai ni kicin ɗinsa ke nan.

Na ce masa, "Malam, mi za a tsaya dubawa? Mai ɗaki shi yas san inda yaka yi mai yoyo. Ku sai muna na hasken rana, magana ta ƙare."

Ya ajiye fensir ya ce, "Sannu da hanya, Sista. Kin sha ruwa?"

"Ba ruwa yak kawo ni ba."

"To zamna dai. Ke mai ƙara ta, mai ƙara kuwa ba ta zama shaidar kanta. Bari in hwaɗa maki yadda za mu yi."

Na zauna ne don ƙafafuna sun gaji, ba don maganarsa ta yi mini daɗi ba.

Daga baya, da na saba da matarsa Hajiya Hanatu, na ji inda ya samo wannan baki na kotu. Mahaifinsa ma'aikacin kotun alƙali ne a Gusau tun zamanin En'e. Ba alƙali ba ne, shi ne wanda ake aika wa ya binciko halin shaidu kafin a karɓi maganarsu, abin da malamai ke kira tazkiya. Zai bi unguwa a hankali ya tambayi maƙwabta, ya tambayi limami, ya gano ko mai shaida yana da abin da zai ci a shari'ar. A bakinsa Malam Labbo ya ji cewa mutum goma in daga baki ɗaya suka ji labari, shaida ɗaya ne. Ya so ya gaje shi, amma boko ya ja shi wata hanya. Ya fara aiki a matsayin duba-gari, matan Gusau suka tsane shi saboda leƙa musu randuna. Daga nan aka tura shi ƙarin karatu Zariya, inda ya rubuta littafin bincikensa a kan firji mai hasken rana, malamansa suka yaba ƙwarai. Hajiya Hanatu ta naɗe littafin nan a wani zanen saƙi na lefenta, ta sa a ƙasan akwati, duk baƙon kirki da ya zo sai an fito da shi ya gani. Ya yi shekaru a Sakkwato, da aka yi sabuwar jiha ya dawo gida ya kama haya a Tudun Wada.

Mutum ne siriri, ba ya cin goro, ba ya ɗaga murya, kuma ba a kawo masa labari ya ce "ashe". Ko cewa aka yi an yi ruwa a Tsafe, sai ya tambaya, "Wa yag gani?" Har abokan aikinsa suka laƙaba masa Malam Wa-yag-gani, yana ji yana murmushi.

Abin da ya fara yi ya ba kowa haushi. Kafin ya buɗe takarda ko ɗaya, ya tara kwamiti ya ce a yarda da sharuɗɗan karɓar shaida tukuna. Ya ce in ka riga ka ga fuskar shaidu sannan ka kafa doka, to za ka yanka dokar ne daidai wuyan wanda kake so. Takardar da za a saurara, in ji shi, sai wadda ta ajiye firjin nan biyu gefe da gefe ta gwada, ba wadda ta tsaya tana yi wa guda kirari ba. Sai ta lissafa abin da firji zai ci tun daga ranar saye har ranar da zai mutu, domin wanda ya sayi jaki bai sa dusa a lissafi ba bai san kuɗin jakinsa ba. Sai ta faɗi abin da aka samu da kuɗin, wato allura nawa ce ta kai ga jikin mutane da ƙarfinta. Sannan sai an san wanda ya biya aka yi binciken, da kuma ko ƙasar da aka yi shi ta yi kama da tamu. Kowa ya ce ya yarda, har da ni, don ina tsammanin duk wannan dogon turanci a kan na hasken rana zai sauka. Ai mutumin da ya rubuta littafi guda a kansa ba zai juya masa baya ba.

Sai kuma ya ce ba zai karanta shi kaɗai ba. Mutum biyu za su karanta, kowa a gidansa, ba tare da ganin hukuncin ɗan'uwansa ba, sannan su haɗu su gwada. Da aka ce ya zaɓi na biyu, sai ya zaɓi Alhaji Mannir na Tsafe, mai kula da ɗakin ajiyar magunguna, wanda shi ne uban tafiyar 'yan kananzir. Na ce a zuciyata, yau ga wanda ya ba kura ajiyar nama da hannunsa.

Daga nan ya shiga yawon neman takardu. Ya je ɗakin karatu a Zariya, ya je Kaduna, ya rubuta wa mutane a Legas. Bai tsaya ga waɗanda aka buga a mujallu ba, har rahotannin da ke kwance a durowar ofisoshi ya bi ya roƙo, don ya ce binciken da bai fito da labari mai daɗi ba shi aka fi bari a durowa, kuma shi ma shaida ne. Ni ma na taimaka yadda na iya. Wani dillali a Sabon Gari ya ba ni takardu masu sheƙi, da hotunan mata suna dariya a gaban firjin hasken rana, na kai masa da saurina. Ya yi godiya, ya karanta su tas a gabana, sannan ya ajiye su a gefe ya ce, "Mai tallan fura ba shi cewa tata ta yi tsami." Da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina.

Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya shigo da ƙarfinsa, cikin Nana ya tsufa, Malam yana nan yana karatu. Rannan na kasa daurewa, na same shi na ce, "Malam, a bari ya huce shi ka kawo rabon wani. Cikin ɗiyata ba ya jiran takardunka. In tah haihu jini yab ɓalle, wace takarda za ni liƙa mata?"

Ya dube ni, ya dubi tulin takardunsa, ya ce Allah ya raba lafiya. Na fita ina cewa wannan mutum ba shi da zuciya a ƙirji.

Ranar kasuwar Nahuce, wadda ita ce ranar da ake ɗan samun mota, ina cikin awon ciki sai na ji sallama. Malam Labbo ne, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi, shi da direba suna kinkimo wani akwatin sanyi irin na masu rigakafi. Ya karɓo aronsa a Gusau, ya cika shi da ƙanƙara, ya sa allurar tsayar da jini a ciki. Ya ce, "Hukunci ba ya gaggawa, Sista, amma ƙanƙara na iya tahiya." Tun daga ranar, duk bayan 'yan kwanaki sai ga shi da sabuwar ƙanƙara a kula, wata rana a bayan a-kori-kura tare da buhunan gero, wata rana a kan ɗan acaɓa. Ba Nana kaɗai ta ci moriyar akwatin nan ba, duk wadda ta haihu a hannuna a bazarar nan ta samu. Na sha ƙoƙarin in ji inda karatunsa ya dosa, amma da na ɗauko zancen sai ya tambaye ni lafiyar awakina.

Wata ranar Asabar na ɗauki ƙwan zabi na tafi Tudun Wada in yi wa Hajiya Hanatu godiya. Na tarar da Malam da Alhaji Mannir a zaure, takardu shimfiɗe a kan tabarma, ashe ranar ce suka sa za su gwada hukuncinsu. Zan wuce ciki sai Malam ya ce in zauna, ba asiri a ciki.

Da farko abin ya yi mini daɗi. Akwai rahotanni huɗu da Alhaji Mannir ke taƙama da su, duk suna cewa na kananzir ya fi sauƙi. Malam ya bi diddiginsu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna masa cewa duk daga gwaji guda suka kwaso alƙalumansu, wanda aka yi a wata ƙasa ta bakin teku inda ake kai wa asibiti kananzir har ƙofa. Ya ce shaida ɗaya ne ya sake riga. Alhaji Mannir ya duba, ya sake dubawa, ya ce gaskiya ne, a ƙirga su ɗaya. Ina zaune ina jin kamar in yi guɗa.

Sai aka zo kan wani littafi mai baƙin bango, na gane shi nan take, don na taɓa ganin an kwance shi daga zanen saƙi. Alhaji Mannir ya gyara zama ya ce, "Wanga kam na karɓe shi. Ba ni da ta cewa."

Malam ya ce, "Ni kuwa na kore shi."

Na zaci ban ji daidai ba. Alhaji Mannir ya ce, "Haba Malam, littahinka na hwa."

"Na sani, ni nar rubuta shi. Alhaji, don Allah ina tambayarka, ka ga kuɗɗin batir a ciki?"

Alhaji Mannir ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Can ya ce, "Ban gani ba."

"Kuma ka lura babu, tun kana karatu."

"Na lura. To amma Malam, ka girme ni, ka riga ni shiga aiki, a gidanka nike zamne ina shan ruwanka. Ƙaƙa za ni buɗe baki in ce aikinka bai cika ba? Ai ko ba komi akwai kara."

Malam ya ce, "Na gode, kuma na san don girmamawa kay yi. Amma kara ba ta shiga shaida. Na lissafa kuɗɗin saye da na kahwa shi, nim mance batir na mutuwa bayan 'yan shekaru, kuma shi na rabin tsadar abin. In kay yi mani kara yau, ran da batir yam mutu a ƙauye, wa za ya yi ma matan can kara?"

Nan ne na kasa riƙe bakina. Na ce, "Malam, littahin ga shi kaɗai na anka yi a ƙasarmu, kuma shi ka goyon bayanmu! Kowa na neman mai taya shi, kai kana korar naka?"

Ya ce, "Sharaɗin da munka kahwa kin yarda da shi, Sista. Ba mu ce ban da na Labbo ba." Sannan ya ƙara da abin da ya fi ƙona mini rai. Ya ce in an sa kuɗin canjin batir a lissafi, firjin da za a iya saye za su ragu, kuma ba zai iya yi mini alkawarin Nahuce tana ciki ba.

Na tashi na shige cikin gida ban yi musu sallama ba. Na tarar da Hajiya Hanatu a bakin murhu, ta ji komai, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Shekara da shekaru ina kakkaɓe ma littahin ga ƙura, yau mai shi ya ce ba shaida ba na." Muka zauna muka yi ta yi da shi, ita tana faɗin taurin kansa na gida, ni ina faɗin na ofis, har muka gaji muka soya ƙwan zabin muka ci. Da Alhaji Mannir ya tafi, ta je ta ɗauko littafin ta sake naɗe shi a zanensa ta mayar akwati. Har gobe ina nan a kan bakana cewa mutumin nan ya cika taurin kai, kuma na faɗa masa a gaban idonsa ba sau ɗaya ba.

Da ya gama da takardu sai ya koma sana'ar ubansa. Rahotannin da suka rage duk sun ɗauka cewa kananzir abu ne da ake samu kullum, shi kuma yana so ya san ko haka abin yake a wurinmu. Bai tambaye ni ba, bai tambayi Alhaji Mannir ba. Ya bi kasuwannin Tsafe da Bungudu da ƙauyukansu yana zama wurin masu shayi, yana tare tsofaffi mata masu sayen na fitila a kwalba, mutanen da ba su san ma ana wata gardamar firji ba, yana tambayarsu yaushe rabonsu da samu, kuma a nawa. Wata rana da ya zo Nahuce da ƙanƙara, a bakin teburin mai shayi ya ƙarasa yininsa.

Farkon damina Nana ta haihu, mace, sumul, ko ɗigon da zai tayar da hankali ban gani ba. Da Malam ya zo barka na ce masa, "To ga shi, duk wahalar ƙanƙararka, yarinya ta haihu awa akuya." Ya yi dariya har ya nuna wushirya, ranar na fara sanin yana da ita. Ya ce wahalar da ta ƙare a haka ita ce mai riba.

A Tsafe aka yi zaman yanke magana. Malam ya zo da tulin takardun da ya tara, ya ajiye a gefe guda, ya ajiye 'yan ƙalilan da suka tsira a ɗaya gefen, ya faɗi dalilin korar kowace, har da tasa, bai sassauta murya a kanta ba. Ya ce ga abin da shaidun da suka rage suka haɗu a kai. A garin da ke da wutar lantarki, ko inda kananzir ba ya yankewa, sayen na hasken rana ɓarnar kuɗi ce. Amma a inda kananzir ke ɓacewa wata da watanni, na hasken rana ya fi araha in an bi shi har ƙarshen rayuwarsa, ko da an sa batir, domin firjin da ba ya sanyi kuɗinsa da na allurar da ke cikinsa duk asara ne. Ya kuma faɗi abin da bai sani ba. Ya ce babu shaida ko ɗaya da ya ga yadda abin ke ƙarewa bayan shekaru masu yawa a zafi irin namu, don haka kada wani ya ce Labbo ya rantse.

Wani daga cikin kwamiti ya ce ai dama an san Malam Labbo da son na hasken rana, me ake tsammani zai ce. Kafin Malam ya buɗe baki Alhaji Mannir ya miƙe. Ya ce, "Jama'a, kun san ni, kananzir nika goyon baya. Na karanta abin da yak karanta duka. Na yi mai kara a kan littahinai, yaƙ ƙi karɓa, yak kore shi da hannunai a gabana. Mutumin da yay yi haka, in yac ce mani ga inda shaida tat tsaya, ni na bi." Ya zauna, ba wanda ya ƙara tari.

Aka yanke a sayi na hasken rana kaɗan, a ware kuɗin canjin batir a ajiye a hannun ƙungiyar da sharaɗi a rubuce, a raba su bisa yawan haihuwa da yawan yankewar kananzir. Ana kiran sunayen garuruwa ina ƙirgawa da yatsu. Nahuce ce ta ƙarshe, mu ne ƙanzon tukunya. Na fito waje na zauna a gindin wata bedi na yi kukana, na share fuska, na koma ciki kamar ba ni ba.

An kafa mana firji a farkon 1999, faranti a kan rufi, batura a akwati a ƙasa. Malam ya zo ya sa hannu a ciki ya ji sanyi, ya ce yanzu ya gani. Bai daɗe ba ya yi ritaya, ya koma karatun littattafan ubansa a zaure. Bayan 'yan shekaru ya yi gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abinsa. Na je Tudun Wada na zauna da Hajiya Hanatu har aka yi addu'ar bakwai.

Shekara ta zagayo bayan rasuwarsa sai firjinmu ya fara gajiya. Da rana ya yi sanyi, kafin safiya ya saki. Na san ciwon, don na ga irinsa a wasu garuruwa inda wasu masu kyauta suka kafa nasu suka tafi, batir ya mutu, firji ya koma kabad ɗin ajiye takardu. Nana kuwa tana da ciki na uku, ya tsufa. Tsoron nan na da ya dawo mini sabo, kuma yanzu babu mai zuwa da ƙanƙara a kan acaɓa. Na aika wa Alhaji Mannir saƙo, ban sa rai sosai ba, don an daɗe, mutanen ƙungiyar ma an canza su.

Ashe tun da ya ji saƙon bai zauna ba. Ya ɗauki takardar sharaɗin nan ya yi ta sintiri a ofishinsu har suka saki abin da aka ware. Rannan da hantsi sai ga shi a mota, ya yi furfura, da sababbin batura da mai haɗawa. Ana cikin ɗaurawa na ce masa Allah ya saka, ya girgiza kai ya ce, "Ba ni za ki gode ma ba, Sista. Wagga ita ta karar da ta kamata in yi ma Malam tun farko."

Ba a yi wata guda ba naƙuda ta kama Nana, da rana tsaka. Yaro ya faɗo lafiya, mabiyiya ta fita, sai jini ya ɓalle. Na yi shekaru ina wannan aiki, na san jinin da ke tsayawa da kansa, na san wanda ba ya tsayawa, wannan na biyun ne. Leɓunanta suka fara fari, tana kirana Inna da wata murya da ban taɓa ji ba. Na buɗe firji, na ɗauko kwalbar, sanyinta ya ratsa yatsuna. Na yi mata, na dafa mararta ina murzawa ina salati, ina jin mahaifa a ƙarƙashin tafina sakwaf kamar jiƙaƙƙen tsumma. Can sai na ji ta fara tauri. Ta dunƙule, jinin ya ragu, ya koma ɗigo, ya tsaya. Na zame na zauna a ƙasa, na jingina da firjin nan.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Muhammadu, sunan Malam na yanka, muke kiransa Labbo. Hajiya Hanatu ta zo daga Gusau da ƙullin kaya. Ta kwance, sai ga zanen saƙin nan na lefenta. Ta ce littafin ya zauna haka nan a akwati, ba abin da zai same shi, zanen kuwa a goya mai sunan Malam da shi. Nana ta karɓa da hannu biyu, a ranar ta fara goyo da shi.

Na gode wa Allah, na gode wa bawan Allahn nan da ya ƙi karɓar kara, ya tsaya a kan batir ina zaginsa a zuci. Da yana nan na ba shi labarin ranar da Nana ta haihu, na san abin da zai fara tambaya, zan kuma ce masa ni na gani, da idona, da tafin hannuna. Na kuma san amsar da zai ba ni, cewa uwa ba ta shaida a kan 'yarta. To a kori tawa shaidar, Malam, ban damu ba. Wanda ya fi ni gani ya gani, shi nake roƙo ya sanyaya maka makwanci.